Mai Tsaron Ƙarshen Hanya

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Juma'a, uku ga watan Sha'aban, bayan la'asar, aka kira ni a gareji aka ce Ɗayyabu ƙanena ya faɗi da babur a kan hanyar Roumbou. Kafin in isa rai ya yi halinsa.

Ɗayyabu, kai ka koya wa samarin Dakoro tsere na ƙa'ida. Babur biyu kawai, a jere a bakin layi, hanya miƙaƙƙiya gajeriya. Mai hula ya saki hularsa, wanda ya riga tsallake layin can gaba ya ci. Kai ke kwance musu fitila da kujera don injin ya yi sauƙi, sau da yawa ko na gode ba a ce maka. Amma kullum kana faɗa musu tashi ba wuya, tsayawa ce aiki, domin bayan layi babur na buƙatar fili kafin birki ya kama. Shi ya sa ba ka hawa. Can ƙarshe kake tsayawa cikin rana, kana tare shanu da amalanke, har muna tsokanarka da jandarman awaki.

Sau ɗaya suka roƙe ka ka hau. Zakiru abokinka, wanda kuke cin tuwo akushi ɗaya, ya dafa ƙirji ya ce shi zai riƙe maka ƙarshen. Sai ya ga daga can waya ba za ta ɗauki tashin da kyau ba, ya taho wurin taro. Raƙumi ya fito daga kasuwa ya ratsa hanya.

Na san ajali ba ya jira, amma zuciyata ta ƙi sanyi. An ci amanarka, ƙanena. Waɗanda ka tsare wa rai yanzu hoton tashinka suke tura wa juna.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makoma. Ya ba Inna haƙuri, Ya raya Kausar da ka bari a goye. Matarka Ma'u kuwa, Allah Ya dafa mata. Ranar addu'ar uku ta tambaye ni daga bayan labule, Zakiru na zaune a zaure yana jin mu.

"Yaya, wa ya tsaya mashi can ƙarshe?"

Na ce mata, "Ba kowa."