Kunyar Ɗan Fari Ta Raba Ni Da Ɗana

A wancan lokacin, ni ce matar da ake kwatance da ita a unguwarmu a Kibiya wajen kunyar ɗan fari. Tun da aka yaye ɗana na fari kakarsa ta ɗauke shi, ban taɓa zama na yi hira da shi ba, ko tuwo sai dai na aika masa ta hannun ƙannensa. Mata suna yabo, ni kuma kaina yana kumbura.

Shekarar da zai rubuta jarrabawar gama sakandare kakar ta rasu, ya dawo gabanmu. Da safe makaranta, da yamma gona, ga babansa kullum yana ja masa kunne kada ya kunyata shi. Yaro ya rame, ya daina dariya. Wata rana ina tsintar wake a tsakar gida, ya zo ya tsuguna a gabana, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce ba ya iya barci, karatu ba ya shiga, kuma akwai maganar da yake so ya gaya min. Maƙwabciyata tana zaune tana kallonmu. Na kawar da kai, na ce da ƙanwarsa ta gaya wa yayanta ya je wurin babansa. Ya je, baban ya ce namiji ba ya raki.

A Rano, garin da ke kusa da mu, ya samu masu sauraronsa, samarin bayan tasha, su suka koya masa shan maganin tari don ya samu barci. Ba mu farga ba sai da aka kwashe shi a sume zuwa asibiti. A can, bayan ya farfaɗo, na kira sunansa da bakina karo na farko a rayuwata. Ya waiga yana neman mai kiran.

Allah ya ba shi lafiya, amma matan da suka yabe ni su ne yanzu ke cewa ban iya tarbiyya ba. Abin yana ci min rai, don kunyar nan ba ta tsare min komai ba. Iyaye, in yaro ya tsuguna a gabanku, ku ajiye abin da ke hannunku ku saurare shi, ko duk gari na kallo. Nawa yana gaishe ni da ladabi kamar baƙo. Na tambaye shi maganar da ya zo da ita ranar, ya sunkuyar da kai ya ce ya manta.