Gomiyar Kaka

Jiya jikata tana aikin gida ta ce, "Alhaji, tamanin raba ashirin?" Kafin ta laluba waya na ce huɗu.

Lokacin muna elemantare a Fagge, kowace safiya da lissafin ka ake buɗe aji. Ba allo, ba ƙirga yatsu. Malam ya jefo tambaya, ya buga rula a tebur sau uku, in ba ka amsa ba ka miƙo hannu. Ni da ɗan baffana benci ɗaya muke, gida ɗaya, akushi ɗaya. Rabawa ke kayar da mu duka. Baffa kuwa ya riga ya rantse, in ɗansa ya sake faɗuwa jarrabawa, ya gama boko.

Wata ranar damina ruwa ya tsare ni a ɗakin Kaka, tana kasa ƙuliƙulin sadaka, ɗakin duk ƙamshin man gyaɗa. Ita ba ta cewa tamanin, sai gomiya takwas. Da ma dariya muke mata, wai ƙauyanci.

"Gomiya takwas, kowane gida gomiya biyu," in ji ta. "Gida huɗu ke nan."

Kaina ya yi dum! Ashe takwas raba biyu ne kawai. Sittin raba talatin, shida raba uku. Shi ke nan, na zama gwanin aji. Rula ba ta kai bugu na biyu na cafke amsa, ina ta fankama.

Ɗan baffana ya tare ni a soro, tafin hannunsa a kumbure. "Don Allah yaya kake yi?"

Na ce, "Ƙwaƙwalwa ce, yaro."

Kalma ɗaya ce fa, gomiya. Na riƙe ta don kar a raba na ɗaya da ni.

Ɗan baffana ya faɗi jarrabawar. Baffa ya kai shi tasha wajen masu ɗinkin buhun gyaɗa, da ya tasa ya koma dako a Sabon Gari. Tarin da ya kwaso can ne ajalinsa, bai kai gomiya uku a duniya ba.

Yau ba mai cewa gomiya, waya ke yi wa yara komai. Na zaunar da jikata na koya mata duk da haka. Ta ce, "Lah, ai da sauƙi!"

Na ce, "Ƙwarai. Gobe ki gaya wa ta kusa da ke."