Butar Da Na Ware

Gaisuwa gare ku da masu karatu. Ni tsohuwa ce yanzu, karatuna na yaƙi da jahilci ne, sai a yi haƙuri da rubutuna. Abin da zan faɗa ya same ni a wata bazara, zamanin soja, lokacin da kuɗin mai suka shigo gari. Zafin shekarar har buta ba ta taɓuwa da azahar, amma mutane sai murna, kowa na sayen rediyo da babur. Ina da 'ya'ya huɗu a Ƙofar Dundaye, maigidana yana fataucin atamfa zuwa kudu. Ni ba mai yawan magana ba ce, ko yaro zan tsawata wa sai an matso ake ji.

A bazarar nan ƙaiƙayi ya fara mini a gaba. Na ɗauka zufa ce. Da na duba da madubi sai na ga fatar wurin ta yi fari fat, ta yi laushi kamar takarda, tana tsagewa. Fitsari ya zama azaba, kusantar maigida kuwa ba a magana. Zuciyata ta rabu biyu: ko kuturta ce, ko shi ya kwaso mini ciwo a tafiya, don ana ta faɗin abin da fatake ke yi in aljihu ya cika. Ban tambaye shi ba. Sai na koma sunsunar rigunansa in zan wanke, sabon turare ma in ya sayo sai in ce a raina wa ta zaɓa masa. Na ware butata na ɓoye bayan randa, kada wani ya taɓa. In ya shigo ɗaki jikina sai ya ɗaure tamau, ba da nufina ba.

Gwaggona kaɗai na gaya wa. Ta ce sanyi ne, ta kawo bagaruwa da alif, ta ce in tafasa in riƙa zama ciki da zafinsa kamar na jego. Mu abin da muka gada ke nan. Ina zama ina cizon zane, wurin yana ƙara tsukewa, tana cewa ai maganin ne ke aiki. Maigida kuma ya daina raha, yana bina da ido, ina binsa da ido. Wata rana ya ce in shirya bayan sallah in je gidanmu in huta. Kowace mace ta san irin wannan hutun.

Malamar ajinmu na yaƙi da jahilci ta lura ba na iya zama kan benci, kullum a kaikaice. Ta ja ni gefe, ta yi ta lallashi har na faɗa, ta raka ni asibiti. Ko a can ban yarda da kowa ba, ina jiran su kai ni wurin kutare. Likita mace ta duba ni, ta ba ni man shafawa, ta tura ni sashen gashin ƙashi. Na ce wa malama ni ban karye ba, me suke ɓoye mini? Matar da na tarar can dattijuwa ce. Ta ji batun bagaruwa ta riƙe baki, ta ce wa ya taɓa kashe wuta da kananzir. Na yi ƙarfin hali na tambaye ta ko namiji ne ke kawo shi. Ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, wagga cuta ta fata ce. Ba kuturta ba ce, ba a ɗauka, kuma ba kowa yak kawo miki ita ba."

Ta bayyana mini cewa tsoron zafi ya sa naman wurin ya saba ƙullewa, kamar zariyar da aka ja aka manta. Ta kwantar da ni ta koya mini jan numfashi har ciki, da yadda zan saki wurin a hankali. Ta hana ni ruwan zafi da alif da sabulu mai ƙamshi. Ta ce ciwon ba ya barin mutum gaba ɗaya, amma yana lafawa in ana shafa magani ana dawowa dubiya. Haka kuwa aka yi, har yau ina lallaɓa shi.

Ranar, bayan magariba, na kai wa maigida tuwo na zauna, na faɗa masa komai, har sunsunar riguna. Sannan ya ce, "Ni tun da kika ɗauke butarki na aza ƙyamata kike yi."

'Yan'uwana mata, zato ya kusa cinye mini aure, kunya ta kusa cinye mini lafiya. Duk wadda ta ga fari ko ƙaiƙayin da ya ƙi tafiya, kada ta zauna cikin tukunya tana zargin mutane a zuci. Ta je a duba ta, ta kuma buɗe baki ga wanda suke kwana ɗaki ɗaya.

Da gari ya waye na kwarar da ruwan bagaruwar a makwarara, na wanke tukunyar na kife. Na ɗauko butata daga bayan randa, na cika ta, na ajiye kusa da tasa.