Tsohuwar da Ta Hana Fito

A tashar motar garinmu, nan arewacin Japan, wata tsohuwa tana zaune da fararen furanni a cinya. Ban santa ba. Bayanta ya ranƙwafa, takalman robar da ke ƙafarta sun yi mata yawa, da gani na namiji ne. In za ta taka ƙasa a hankali take takawa, kamar tana gudun tashin mai barci.

Motar da take jira ta hanyar tsohon ramin kwal take bi, inda yanzu ba kowa sai ciyawa. Miji ta rasa a can ko ɗa, ban sani ba.

Direbanmu Tetsuo ya shigo yana fito. Masu haƙar kwal sun tsani fito, wai rami yake ruguzawa. Sai tsohuwar ta cafke hannun rigarsa.

"Bari, ɗan nan. Akwai mutane a ƙasa."

Ya yi dariya. "Haba Kaka! Ramin da aka toshe tun ba a haife ni ba?"

"Na sani," in ji ta, tana gyara furanninta. "A gabana aka toshe shi. Ba a gama kwaso su ba."