Kwantai Ya Tsofar da Yaya

Yayata ba tsohuwa ba ce, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi. Shekararta arba'in da bakwai, uku kacal ta ba ni. Haƙoranta cif, gwiwarta lafiya lau, tana saɓa bandir ɗin yadi a kafaɗa ta hau bene ba ta yi haki ba. Amma duk wanda ya hango ta daga nesa sai ya fara neman kujerar da zai ba ta. Ba ciwo ne ya mai da ita haka ba, ba kuma wahalar miji ba. Da hannunta ta saya wa kanta tsufa. Kai, ba ma saya ta yi ba, kyauta aka ba ta.

A wani babban shagon yadi take aiki tun tana budurwa. Kanta ce duniyarta: dogon teburin katako mai gilashi a sama, da ma'aunin ƙarfe kafe a gefensa, da almakashinta da ta ɗaure da igiya don kada abokan aiki su ara. A nan take jin wa ta haihu, wa ta yi yaji, wa ta aurar da 'ya. Mace ta shigo sayen yadi biyu sai ta yi rabin yini, ta fita da yadi shida da shawarar yadda za ta zauna da surukarta. In ka raba Yaya da wannan kanta, kamar ka fitar da kifi daga ruwa ne.

Lokacin da ta fara aikin, siririya ce mai fuskar yara. Masu saye su shigo su dube ta, su ce, “Yarinya, ina babba?” Abin ya yi ta cin ta. Wata rana ta sa wata riga mai duhu, mai faɗi, ta ja ɗankwali har gira, sai ta ga an daina neman babba, an fara tambayarta ko wannan yadin yana zuba. Dabara ce mai kyau ga 'yar shekara ashirin. Matsalar ita ce girman gaske ya zo ya same ta, ita kuwa ta manta ba ta tuɓe na aro ba.

Mai shagon, wani dattijo da kowa ke kira Maigida, yana da wani hali da yake ganin alheri ne. Duk ƙarshen shekara sai ya sa a sauko da yadin da ya yi kwantai, ya raba wa ma'aikata. Masu hankali suna karɓa da hannu biyu su yi godiya, su kai gida su yi labule ko rigar katifa. Yaya kaɗai ke kai nata wurin tela. Da sauran suka gane, sai suka riƙa tara mata nasu, ita kuma tana shi musu albarka. Ruwan ƙasa, ruwan toka, ruwan hanta, da wani kore mai kama da ruwan kwata. In akwai fure a jiki, to girman faranti ne. Yadin da matan gari kaf suka taɓa suka ajiye, shi yayata ke yawo a ciki, tana alfahari cewa ita ba ta taɓa sayen sutura ba.

Na ce mata, “Yaya, araha fa ba ta ado.”

Ta ce, “To wannan ai ba araha ba ce, kyauta ce. Kuma taɓa ki ji ƙwari. Sai ya shekara goma bai koɗe ba.”

Gaskiya ta faɗa, ba ya koɗewa. Ita ce ke koɗewa a ciki.

Sai kuma telanta, wanda unguwa ta sa wa suna Sai-Gobe saboda dalilin da kowa ya sani. Wannan bawan Allah bai taɓa gwada Yaya ba. Wai tef na marasa ido ne. Yadda suke yi, ta kai masa tsohuwar riga, ya shimfiɗa ta a kan sabon yadi, ya bi gefenta da alli, ya ƙara faɗin yatsa biyu, wai saboda halin rayuwa. Baɗi kuma wannan sabuwar ce za a kai a matsayin samfuri, a sake ƙara yatsa biyu. Kowace riga 'yar wadda ta gabace ta ce, kuma kowace 'ya ta fi uwarta faɗi. Yanzu kafaɗar rigar Yaya tana kusa da gwiwar hannunta, ƙugu kuwa ya ɓata tuntuni, ba a ma cigiyarsa.

A kan wannan buhu take ɗora wata suwaita ruwan ƙasa, ko ana zafi ko ana sanyi, wai fankar shago na sa mata ciwon baya. Ta maƙale wuyan riga da ƙaton fil. Tabaranta na rataye a ƙirji da sarƙa. Takalmi baƙi shafaffe irin na masu gadi, jaka baƙa wadda za ta ɗauki jariri da kayansa. Mijinta, direban asibiti, bai taimaka da komai ba. Shi mutum ne da ko tabarma Yaya ta ɗaura zai ce ta yi kyau, in dai abinci ya nuna.

Haka aka yi ta tafiya har ciwon ƙafa ya kayar da Maigida, ɗansa ya karɓi shago. Yaro ne mai ladabi da ƙamshin turare, ma'aikata suna kiransa Manaja. Ya rufe shago don gyara: sababbin fitilu, madubai tun daga ƙasa har rufi, da mutum-mutumi marasa kai a bakin taga. Ya tara ma'aikata ya ce in an sake buɗewa, waɗanda suka dace da sabon tsarin ne za su tsaya a gaba, sauran kuma a koma sito. Ba wanda za a kora. Sito ɗaki ne a can baya, babu taga, babu mai saye, sai kwalaye da warin maganin asu.

Ran nan Yaya ta zo gidana. Na zuba mata abinci, ta yi ta juya cokali. Wannan ne karo na farko da na ga tsoro a fuskarta, kuma na ji tausayinta har cikin raina.

Na ce, “Abin ai mai sauƙi ne. Gobe mu je wurin telata ta gwada ki da tef kamar kowa. Yadi shuɗi mara fure, kafaɗa a kan kafaɗa. Ki ajiye suwaitar nan, ki ɗaga ɗankwali a ga goshinki. Shi ke nan, ba sai kin ƙara komai ba.”

Ta ajiye cokali. “Ke za ki koya min yadi? Ni da na share miki majina?”

“Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba, Yaya.”

“Riƙe gyaranki. Yarinta suke so, ko? Za su gan ta. Ni ma na yi zamanina.”

Wannan kalma ta ƙarshe ita ce ya kamata ta tsorata ni, amma ban ankara ba.

A karo na farko a rayuwarta Yaya ta sayi yadi, ruwan hoda mai ƙyalli, irin wanda ke kashe ido a rana. To amma Sai-Gobe ba ya ɗinki sai da samfuri. Sai ta yi wani lissafi da ita kaɗai ce za ta iya: in rigar yarinta ake so, ai sai a kai samfurin yarinta. Ta tone ƙasan akwati ta zaƙulo rigar da ta yi yayi da ita shekarar da ta yi aure. Kafaɗa cushe da soso, hannu a kumbure, wuya mai tattara hawa uku, da manyan maɓallai ruwan gwal. An ce da Sai-Gobe ya ga rigar har ƙwalla ya yi, don rabonsa da irin wannan ɗinki tun yana da gashi. Ta gargaɗe shi kada ya ƙara ko yatsa ɗaya. Bai ƙara ba. Kuma a tarihinsa kaf, wannan ne ɗinkin da ya gama a kan lokaci.

Ranar buɗe shago da safe ta kira ni in zo in raka ta. Na shiga ɗakinta na tsaya a bakin ƙofa, na rasa ko dariya zan yi ko kuka. Ta rina gashi baƙi wuluk, ta bar shi ya leƙo ta gaba, baƙin ya fito da duk wani layi da ke goshinta. Ta aske girarta ta ja siririn layi a sama da inda Allah ya ajiye ta. Hodar da ta shafa ta fi ta haske, ta bi ta kwanta a cikin kowace tattarar fata. Ta zagaye leɓe da baƙi ta cike tsakiya da ja. Rigar kuwa ta kama ta ko'ina, maɓallai suna neman agaji. Tana tsaye a kan takalmi mai tsini, ta dafa bango.

Tsofaffin kayanta suna mai da ita 'yar sittin mai ƙoshin lafiya. Waɗannan sun mai da ita 'yar saba'in da ta ƙi yarda.

Na ce, “Yaya, don girman Allah ki wanke fuskar nan. Garin neman gira kin rasa ido.”

Ta dube ni ta madubi. “Tun kina ƙarama ba kya son ki ga na fi ki. Ɗauko min jakata.”

Na ɗauko. Jakar dai ita ce, baƙar nan.

Shagon ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Amma sababbin fitilun ba su da kunya ko kaɗan, madubai kuma suka raba Yaya gida huɗu, ko'ina ka juya ita ce. 'Yan matan shago suka gaishe ta suna kallon ƙasa, kafaɗunsu na rawa. Ta wuce su kai a sama, ta shiga bayan kanta ta tsaya a wurinta. Ni kuma na rakuɓe gefe ina yi kamar ina duba yadi.

Mai saye ta farko wata matashiya ce da jariri a kafaɗa. Ta tsaya ta ƙare wa Yaya kallo, fuskarta ta washe. Ba ba'a take yi ba, da ma ba'ar ce da ya fi sauƙi.

“Mama, wannan ɗinkin sak irin na kakata ne a hoton da ke falonmu. Ashe har yanzu akwai masu yin sa?”

Murmushin Yaya ya tsaya inda yake. Ta ce, “Me za a ba ki?” Matar ta nuna wani yadi a can sama. Yaya ta miƙa hannu kamar yadda ta saba, sai hammatar riga ta ce ɓarrr. Ta sauko da bandir ɗin, ta auna, ta yanka, ta naɗe, duk da hannu ɗaya manne a jiki. Awon bai kauce ba ko da ɗan yatsa, amma ba awon ake kallo ba.

Manaja yana tsaye kusa da ƙofa, ya ga komai. Ya jira matar ta fita, sannan ya tako a hankali, ya ɗan rusuna. Wallahi da tsawa ya yi mata da na fi samun abin faɗa.

“Mama, na yi tunani. Bai dace a ce a shekarunki kina tsaye yini guda ba. Mu ma sai Allah ya tambaye mu. Na sa an kai miki kujera mai laushi sito, ki riƙa lura da shige da ficen kaya kina hutawa.”

Sai ya juyo gare ni, ya ga jakarta a hannuna.

“Ke ce 'yarta, ko? Ki taya mu lallashinta. Ku 'ya'ya ma ya kamata ku fara tunanin hutar da ita gaba ɗaya.”

Jini ya hau min kai. Na buɗe baki zan gaya masa shekarunta, in gaya masa a katifa ɗaya muka tashi, in ce ya kawo duk wadda ya ga dama cikin 'yan matan nan su yi gasar ɗaukar bandir. Sai na ji hannun Yaya ya damƙe wuyan hannuna, damƙa mai zafi.

Ta ce, “Ita ce. Babbar 'yata ce.”

Na dube ta. Idonta ya cika amma ba ta bari ya zubo ba, kuma na gane abin da take roƙona. Gara a ce tsufa ne ya ɗauke ta daga kantar shago, da a ce ba ta da kyan gani. Tsufa aƙalla ana girmama shi. Haushi ya kama ni, nata da na yaron da na telan da na Maigida da ya shekara ashirin da bakwai yana juye mata kwantai, amma na haɗiye.

Manaja ya ce, “Madalla. Allah ya ƙara girma, Mama.”

Ta amsa da amin. Ta fito daga bayan kanta, ta saƙala hannunta a nawa, muka nufi ƙofar sito ta tsakanin madubai. Ban san ko takalmin ne ba, amma duk nauyinta ta sakar min, tana jan ƙafa a hankali, 'yan matan shago suna matsawa gefe suna ce mata sannu.