Farin Bututun Jibril Wumpini

Jibril Wumpini yana da shekara hamsin da huɗu, kuma talatin da ɗaya daga ciki ya yi su yana gyaran firij a gindin wata darbejiya a Tishigu, cikin Tamale. Shagonsa kwantena ce shuɗiya da ta sha rana har ta koma ruwan toka. A jikinta an rubuta "Injiniya J. Wumpini". Babu makarantar da ta ba shi wannan suna. Shi ya faɗa wa mai fenti abin da zai rubuta.

A Kukuo aka haife shi, gidan manoma. Ya bar makaranta a aji shida, ya tafi Kumasi ya yi shekara biyar a hannun wani maigida, ya dawo da akwatin kayan aiki da wata ɗabi'a da har yau bai sake ta ba. In ya gama gyara, mai kaya ba ya tafiya sai an kunna firij ɗin a bakin shago, ƙofa a buɗe, an jira bututun ciki ya yi fari fat. Sai Jibril ya sa farcen babban yatsa ya kankaro ƙanƙarar, ya kai ta gaban idon mutum, ya ce, "Ka gani?" Mata masu kawo nono daga bayan gari sun sha tsayuwar rabin awa da ƙwarya a ka suna jiran wannan farce. Wanda ya ce yana sauri, sai Jibril ya ce masa ya bar firij ɗin ya yi gaba.

Hannunsa na da kyau, ba wanda ya musa haka. Abin da ake musu a kai shi ne ko akwai mutum guda a Tamale da yake gani da gashi. Masu gyaran waya a wurinsa masu wasa da tsinken sakace ne. Masu gyaran babur masu wanka da baƙin mai. Imoru, wanda suka koyi aiki tare a Kumasi, wanda rumfarsa ke tsallaken titi kuma yake gyaran na'urar sanyaya ɗaki a ofisoshi, shi Jibril na kiransa mai goge ƙura.

Can ƙasan kowa ya ajiye surukinsa Latif, mijin 'yarsa Faridatu. Latif yana ɗaukar bidiyon biki da suna, ya koma ɗakinsa a Kasalgu ya tace ya haɗa. Kwamfuta ɗaya gare shi, wadda ya harhaɗa gutsure-gutsure cikin shekaru, kuma da ita yake ciyar da mata da 'ya'ya biyu. Jibril bai taɓa kiransa da sunansa ba, sai dai mai danne-danne. Shi kuwa Latif in ya zo gaisuwa yakan cire takalmi tun daga nesa, ya tsuguna, duk abin da aka faɗa ya amsa da "Naa", kamar yadda ake amsa wa babba a ƙasar Dagomba. Shekara huɗu da auren, bai taɓa ce wa surukinsa a'a ba.

A watan Maris, lokacin da kwalta ke laushi a titin Tamale, kwamfutar ta fara mutuwa a tsakiyar aiki saboda zafi. Faridatu ta kawo wa mahaifinta tuwo ranar Juma'a kamar yadda ta saba, ta tambaye shi ko yana da wata tsohuwar fanka da ba ya amfani da ita. Iyakar abin da aka roƙa ke nan. Sai dai Imoru na zaune a kan benci a lokacin, ya ce ai wannan ba aikin masu firij ba ne, ɗakin ne ke son na'ura, in an ba shi kwana biyu zai gama. Jibril ya ci gaba da kai loma. Ya gama tuwonsa, ya wanke hannu, ya ce wa 'yarsa ta gaya wa mijinta kada ya sayi komai.

Kwanaki kafin nan ya ga wani bidiyo a waya, inda wasu Turawa ke sanyaya ƙwaƙwalwar kwamfuta, wani ɗan ƙarfe da bai kai akwatin ashana ba, har digiri casa'in ƙasa da sifili. Firij na gida inji ɗaya gare shi, sanyinsa da wuya ya wuce ashirin ƙasa da sifili. Nasu injuna biyu ne. Na farko ba ya sanyaya komai sai bututun na biyu. Na biyu, mai ɗauke da wani gas da ba ya zama ruwa sai a tsananin sanyi, shi ke kai sanyin kan ƙwaƙwalwar. Jibril ya kalli bidiyon sau da yawa, amma a kashe yake barin sautin, don a ganinsa babu abin da yaron da bai yi gemu ba zai gaya masa game da sanyi. Inda suka fara shafe-shafe da naɗe-naɗe kuwa, sai ya tsallake.

Wata biyar aikin ya ci. Inji ɗaya ya ciro daga firizar wani mahauci da aka yar, ɗayan daga matacciyar na'urar ɗaki. Ya zura siririn bututun jan ƙarfe cikin mai kauri, ya murɗe su kamar gammo, ya liƙe bakinsu da walda. Ya kai wani dunƙulen jan ƙarfe, wanda zai zauna a kan ƙwaƙwalwar, wurin mai injin sassaƙa ƙarfe, ya tsaya a kansa yini guda yana zaginsa har aka huda shi yadda yake so. Gas na biyu babu shi a duk arewa, sai daga Tema, can bakin teku, aka ɗoro masa a mota. Sau uku man inji na daskarewa a cikin siririn bututun ya toshe shi, sau uku yana yankewa ya sake, har ya ƙera ɗan gwangwanin da ke tare man. Ya ƙara wata tsohuwar tukunyar gas a gefe don kada bututu ya fashe in an kashe inji. A duk tsawon lokacin firij ɗin mutane na jere a rana suna tsatsa. Wanda ya zo cigiya sai a ce masa ana babban aiki.

Ƙarshen Yuli ma'auni ya nuna tamanin da bakwai ƙasa da sifili. Wannan gaskiya ce, mutum shida sun gani.

Wata gaskiyar kuma ita ce damina ta sauka tun Mayu. Gari ya yi sanyi, Latif ya hure ƙurar kwamfutarsa ya matsar da ita kusa da taga, kuma tun daga nan ba ta sake mutuwa ba. Faridatu ta gaya wa mahaifinta haka. Ya ce ba wannan ake magana ba.

Latif ma ya kalli bidiyon nan, amma shi da sauti, kuma har ƙarshe. Ya san abin da aka tsallake. Duk ƙarfen da ya yi irin wannan sanyi yana jawo raɓa daga iska, kuma ɗigo ɗaya a kan allon da ke cikin kwamfuta ya isa ya ƙone ta. Don haka ake shafe allon da basilin, a cusa soso a kewayen ƙwaƙwalwar, a naɗe bututun duka kada iska ta taɓa shi. Ba zai iya zuwa ya koya wa surukinsa aiki ba, sai ya sayi baƙin soso yadi biyu da kwalbar basilin ya ba matarsa ta kai, ta ce tsaraba ce.

Jibril ya juya soson a hannu. Ya gane saƙon sarai.

"Ki gaya wa mai danne-danne," ya ce, "tun uwarsa na goye da shi nake sayar da sanyi a garin nan. Bututun da aka rufe, wa zai san yana aiki?"

"Baba, cewa ya yi ruwa ne kwamfutar ba ta so."

"Kowane firij na zubar da ruwa. Kin taɓa jin wanda ya mutu don haka?"

Ya shimfiɗa soson a kan bencinsa ya zauna a kai. Basilin ɗin kuma ya riƙa shafawa a faso.

Wata Asabar cikin Agusta, da hantsi, bayan ruwan da aka yi da asuba, ya aika a kawo kwamfutar. Iska ta yi nauyi, riga na manne wa mutum a baya. Latif na da aikin biki uku da zai miƙa a makon. Faridatu ta ce masa ya ce ba ya gari. Ya ce surukinsa ya ga babur ɗinsa a masallaci da asuba. Ya naɗe kwamfutar da zane, ya shiga keke mai ƙafa uku, ya rungume ta a cinya har Tishigu.

Ya tarar an taru. Jibril ya gayyato Imoru musamman, ga mai shayi, ga Mma Asta mai nono wadda firizarta ta yi wata uku a layi, ta zo cigiya aka ce ta zauna ta ga abin mamaki. Latif ya tsuguna ya gaisar. Ya ga sosonsa a ƙarƙashin surukinsa, ya yi laushi ya lotsa. Da aka kwantar da kwamfutar a kan tebur, aka buɗe cikinta, aka ɗaure dunƙulen jan ƙarfen a kan ƙwaƙwalwar, sai ya yi ta maza ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Baba, da za a ɗan rufe nan wurin da tsumma ko..."

Jibril ya dube shi, sannan ya dubi jama'a.

"Kai ka yi injin?"

"Naa."

"Na ce kai ka yi shi?"

Latif ya sunkuyar da kai.

Aka ta da inji na farko, aka jira minti ashirin, aka ta da na biyu. Tebur ya ɗauki rawa. Bututun da ya ratsa ta saman buɗaɗɗiyar kwamfutar ya fara toka-toka, sannan ya yi fari, sannan ƙanƙara ta tsiro masa kamar gashin tsoho. Aka kunna kwamfutar ta kama. Jibril ya sa Latif ya ba ta aiki mai nauyi, kuma abin da takan yi a awa guda ta doshi gama shi a ƙasa da haka. Imoru ya taso ya leƙa ma'auni ya koma ya zauna, bakinsa a rufe. Wannan shirun shi Jibril ya yi wata biyar yana nema.

Latif ba allo yake kallo ba. Idonsa na kan wasu 'yan ɗige-ɗigen gumi da suka fara jeruwa a gefen dunƙulen jan ƙarfen. Ya ciro hankici ya riƙe a hannu, amma tsakaninsa da tebur akwai surukinsa a tsaye.

Sai Jibril ya yi abin da ya yi wa kowane firij tun shekara talatin da ɗaya. Ya naɗe hannun riga, ya sa farce a bututun, ya kankara. Sanyin ya cije shi kamar wuta, ya fizge hannun, amma ya daure ya kai yatsan gaban hancin Imoru.

"Ka gani?"

Abin da ya hau farcen kaɗan ne. Sauran ya zube ƙasa kamar garin rogo, a kan allon cikin kwamfutar mai sarrafa hoto, wanda a lokacin ya yi zafin da za a gasa masara. Ya narke nan take. Aka ji tas, ƙara ƙanƙanuwa, sai warin roba. Allon kallo ya yi baƙi.

Injuna biyu suka ci gaba da gurnani. Jibril ya duƙa ya duba ma'auninsa. Tamanin da bakwai, bai motsa ba. Ya miƙe ya shaida wa jama'a cewa injinsa na aiki.

"Yana yi kam, Injiniya," in ji Imoru. "Gawar dai ba za ta yi wari ba."

Mma Asta ta ɗauki ƙwaryarta, ta tambaya ko yanzu za a duba firizarta. Latif ya kwance dunƙulen da hannunsa, ya goge ruwan da hankici ko da yake ya san ba amfani, ya naɗe kwamfutar da zanen da ya kawo ta. Kafin ya tafi ya tsuguna ya yi sallama. Jibril ya ce masa nan gaba in zai sayi kaya ya sayi mai ƙwari. Latif ya ce, "Naa."

Mai gyaran kwamfuta ya ce babban allon da na hoton da ƙwaƙwalwar duk sun tafi. Bidiyoyin sun tsira, amma babu abin tace su. Biyu daga cikin masu bikin suka karɓe kayansu suka kai wani wuri. Yanzu Latif na riƙe wa wani mai shagon bidiyo kyamara a bukukuwa, in mai shagon ya tashi cin abinci a bar shi ya taɓa kwamfuta. Faridatu ba ta sake kai tuwon Juma'a ba. Jibril ya ce wa mai shayi dama tuwon nata gishiri ke masa yawa.

Injin na nan a bakin kwantena, an yi masa rumfar kwano. Duk wanda ya tsaya sai an kunna masa. Farcen babban yatsan ya yi baƙi ya faɗi, wani na fitowa.

Ranar Talatar da ta wuce Jibril ya ɗaga soson daga kan benci, ya kakkaɓe, ya yanka shi tsaye, ya naɗe bututun da shi tun daga inji har dunƙulen jan ƙarfe, ya ɗaure da igiyar roba tsaf. Taki ɗaya kawai ya bari a buɗe, daidai saman inda kwamfuta za ta kwanta, don mutane su gani. Sannan ya aika Kasalgu a gaya wa mai danne-danne ya aro kwamfutar maigidansa ya kawo ranar Asabar.