Nenne da Harshen da Ta Tafi da Shi

Shekara takwas ke nan da muka kai mahaifiyata makwancinta. Mu 'ya'yanta Nenne muke ce mata, kamar yadda ake yi a gidajen Fulanin unguwar Barade, amma ita Bamumuya ce daga wani ƙauye a duwatsun Yorro. Tana ƙarama aka kawo ta Jalingo riƙo, ta tashi a hannun Fulani, ta musulunta, daga baya ta auri mahaifinmu. Ta rasu saura kaɗan a ba mu Jihar Taraba. A Jalingon da ta bari, in baƙo ya sauka a tasha da safe, kafin la'asar kowa ya san gidan da ya nufa.

Man gyaɗa da ƙuliƙuli take sayarwa a kasuwa, kuma a can na fara sanin su wane ne mutanen ƙasar nan. Da masu nono Fulatanci take yi, da masu doya Mumuyanci. Matan Kona in sun sauko da itace, takan gaishe su da bakinsu, sannan a koma Hausa a yi ciniki. Ita ta gaya mini cewa Mumuyen Zing da na Yorro bakinsu ya ɗan saɓa amma suna jin juna, kuma Konawa dangin Jukunawan Wukari ne ko da nisa ya raba su. Takan faɗi haka ne kamar mai lissafa dangi, wane ya auri 'yar wane, su wane ke wasa da su wane. Ban taɓa jin ta tambayi wa ya riga wa zuwa ba.

Yau wannan tambayar ce a bakin kowa. Tun da garin ya zama hedikwata, mutane suka kwararo daga Wukari da Takum da Gembu, kowace ƙabila ta kafa ƙungiyarta. A ofishinmu kafin a tambayi aikin da ka iya, an tambayi asalinka. Bayan tashin hankalin da aka yi a garin nan, maƙwabtana a unguwar Yelwa da muka shekara muna ɗiban ruwa a rijiya ɗaya suka kwashe kaya, suka koma inda nasu suka fi yawa. Na taya su ɗora katifa a mota. Ban kore su ba, ban kuma iya ce musu su zauna ba, domin ba ni da tabbacin da zan ba su.

Nenne tana da ƙane, Kawu Bitrus, wanda ya zauna a ƙauye yana noma yana zuwa coci. Duk kaka sai ya iso da doya. Sukan shige ɗakinta su yi ta Mumuyanci suna dariya har azahar, mu muna waje ba mu jin ko kalma. Ba ta koya mana ba. Ta ce ba ta son yaran unguwa su riƙa yi mana gori, ita ta sha nata ya isa. Bayan rasuwarta Kawu ya ci gaba da zuwa na ɗan lokaci. Mukan zauna a zaure, hirarmu ba ta wuce gaisuwa. Wata rana ya tashi yana kakkaɓe wando ya ce da Hausarsa, "Uwarka ya tafi, bakin gidan nan ya rufe." Da aka yi rikici, 'ya'yansa suka hana shi kwana a gari, doya ma ta daina zuwa.

A ƙarshen daminar bana aka aiko cewa yana kwance, yana nemana. Na tafi da 'yata Dija, wadda ta ci sunan Nenne. Muka tarar tsufa ya kwashe 'yar Hausar da yake da ita, ya bar masa harshen uwarsa kaɗai. Ya riƙe hannuna ya yi ta magana, yana nuna dutsen da ke bayan gida, yana maimaita wani suna da ban taɓa ji ba. Sai a ranar na san cewa mahaifiyata tana da wani suna kafin Dija.

Babban ɗansa Markus ne ke fassara. Da tsohon ya gaji ya saki hannuna, Markus ya ce, "Ya ce ya gode, ka gaida gida."

Na ce, "Duk wannan maganar?"

Ya sunkuyar da kai. "Sauran zancen gona ne da na kakanni, Malam. Na 'yan gida ne."

"Markus, uwata da ubanka ciki ɗaya suka fito."

"Na sani. Amma kai yanzu Bafulatanin Jalingo ne. In na faɗa maka, me zan ce wa mutanen ƙauye?"

Ban ga laifinsa ba. Ya ga yadda mutanen gari ke zuwa da murmushi, bayan shekara gonar gado ta zama filin wani. Ruwa ba ya tsami banza. Sai dai ni ma a Barade, unguwar da na tashi, duk ranar da aka zauna maganar unguwa na ɗaga murya, akwai mai tuna mini cewa uwata daga dutse ta sauko. Na zama jemage, tsuntsaye sun ƙi ni, dabbobi ba su karɓe ni ba.

Kawu bai daɗe ba ya rasu. Na koma jana'iza tare da Dija, na tsaya a bayan coci ina sauraron waƙoƙin da ban san me suke cewa ba. Na yi ta tunanin da Nenne na raye me za ta yi. Na san za ta ja mayafi ta shiga tsakiyarsu, ta yi wa Markus faɗa da bakin da zai ji, ta juyo ta yi mini da nawa. An ce zumunta a ƙafa take. Ni ƙafata ta kai ni har ƙofar ɗakin, abin da ya rage ba na ƙafa ba ne.

To, me ya saura na Nenne? Harshenta ya tafi da ita, labarin gidansu ya bi ƙanenta. Abin da na ga ya saura shi ne wanda ba ni na adana shi ba. Bayan an rufe Kawu, wasu tsofaffin mata suka kewaye Dija, suna shafa kumatunta, suna juya ta, suna kiran sunan nan da Kawu ya yi ta maimaitawa suna kuka. Ashe fuskar yarinyar da aka ɗauka daga ƙauyensu tun suna yara suka gani. Dija ta tsaya cikinsu tana murmushi.

A mota muna saukowa ta ce, "Baba, mene ne ma'anar sunan da suke kirana da shi?"

Na ce ban sani ba. Ta ce to wa za mu tambaya? Har yau da nake rubutun nan ban sami wanda za mu tambaya ba.

Allah ya jiƙan Nenne, ya haskaka kabarinta.